Littafin Aikin Benen Sito: Tagogin da Aka Yanka a Jikin Bim

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Abin da na tarar yau da safe a siton Kawu da ke Sharaɗa a Kano shi ne dalilin buɗe wannan littafi. Muna ɗora bene na ƙarfe a cikin siton, a kan bim goma sha huɗu samfurin IPE 300, kowanne tsawonsa mita 6, tazarar da ke tsakaninsu kuma mita biyu da rabi. Da yake rufin bai da tsayi, masu aikin na'urar sanyaya ɗaki sun ga cewa idan suka bi da bututun iskarsu ta ƙarƙashin bim, kan mai dogon wuya zai riƙa taɓa shi. Sai suka kunna wutar gas ranar Asabar, ba tare da sun tambayi kowa ba, suka yanka taga a jikin bim biyu. Kowace taga zurfinta ya kai milimita 190, tsawonta kuma 390, tsakiyarta tana da nisan milimita 700 daga ginshiƙi. Kusurwoyin duka a tsaye suke kamar na akwati, kuma a bim na biyu wutar ta zarce kusurwa ɗaya da kusan milimita 20.

Ga wanda bai saba da harkar ba, irin wannan bim yana da leɓe biyu masu faɗi, na sama da na ƙasa, da bango siriri a tsakiya wanda ya haɗa su. A samfurinmu tsayin bim ɗin milimita 300 ne, faɗin leɓe 150, kaurinsa 10.7, kaurin bangon tsakiya kuwa 7.1. Leɓuna su ne suke ɗaukar mafi yawan ƙarfin lanƙwasa, bango kuma shi ne yake ɗaukar ƙarfin yanka, wato irin ƙarfin da almakashi yake yi wa takarda, wanda ya fi tsanani a kusa da ginshiƙi. A daidai nan aka yanka tagogin.

Kawu ya zo da hantsi, ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Injiniya, ai sama da ƙasa suna nan ba a taɓa su ba, ƙarfe ne fa, ba azara ba." Na ce masa, "Kawu, a yi mini haƙuri da mako ɗaya kafin a zuba kankare." Ya amince, amma na ga alamar ya ɗauki abin a matsayin iyayin 'yan boko. Na sa an tokare bim biyun, na kuma hana kowa hawa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Dare biyu na kwashe a kan lissafi, da jagorar da cibiyar gine-ginen ƙarfe ta Amurka ta fitar a 1990, wadda David Darwin ya rubuta, da kuma ta Ingila mai lamba P355 ta shekarar 2011. Na ɗauki tagar a matsayin 200 da 400, domin girman da za ta kai ke nan idan aka gyara bakinta.

Ta fuskar lanƙwasa, maganar Kawu tana da ƙamshin gaskiya, domin cire wannan yanki na bango bai rage ƙarfin bim ɗin da abin da ya kai kashi 12 cikin ɗari ba. Matsalar tana wani wurin. Da zarar an buɗe taga, abin da ya rage a samanta da ƙasanta wasu siraran sassa ne biyu masu siffar harafin T, kowanne zurfinsa milimita 50 kacal, kuma dole ne ƙarfin yanka ya ƙetare tsawon tagar ta cikinsu. Yayin da yake ƙetarewa yana lanƙwasa kowanne a kan kansa, har kusurwoyi huɗun su saki su zama kamar gwiwa. Ana kiran wannan yanayi da sunan Arthur Vierendeel, injiniyan ƙasar Beljiyam wanda ya fito da tsarin gada mai tagogi marasa gicciye a 1896. Saboda haka tsawon taga ya fi zurfinta zama abin tsoro a kusa da ginshiƙi, domin idan aka ninka tsawon, lanƙwasar da ke kan kusurwoyi ita ma ta ninka.

Lissafina ya nuna cewa tagar, yadda take babu ƙarfafawa, ba za ta iya ƙetarar da ƙarfin yanka fiye da tan uku da ɗan ɗoriya ba. Abin da benen zai ɗora mata, idan an zuba kankare an jibge kaya, an kuma haɗa da rarar kariya da ƙa'ida ta tanada, ya kai kusan tan bakwai.

Asabar, 11 ga Janairu

Na kai wa Kawu lissafin a gida bayan la'asar. Ya juya takardun ya ce shi ba ya jin yaren alƙaluma, gani ya kori ji. Na daɗe ina son in gwada irin wannan da hannuna, don haka na ba da shawarar mu sayi bim guda, mu yanka shi huɗu, mu danne kowanne da jak har ya gaza. Kawu zai biya kuɗin ƙarfe, ni zan ɗauki sauran. Wani abokina mai ƙera bodin manyan motoci a Dakata ya yarda mu yi amfani da firam ɗin matse ƙarfe na garejinsa.

Talata, 14 ga Janairu

Na shiga Ƙofar Ruwa da ma'aunin kauri a aljihu, kuma da ban je da shi ba da na yi nadama. A shagon farko an nuna mini bim da aka ce IPE 300 ne a farashi mai sauƙi, amma da na auna bangon tsakiya a wuri uku sai na samu 6.5 da 6.6, maimakon 7.1. Mai shagon bai yi musu ba, cewa ya yi kowa irinsa yake saya. Rabin milimita ba ya cika ido, amma kusan kashi bakwai cikin ɗari ne na bangon, kuma a kan bangon ne duk gwajin ya rataya. A shago na uku na samu wanda awonsa ya cika, mai tsawon mita 12, nauyinsa ya ɗan haura kilo 500. Na biya naira 820,000, aka yanka shi huɗu a nan take a kan 8,000, a-kori-kura ta kai Dakata a kan 25,000.

Daga can na wuce Sharaɗa na auna bim goma sha huɗun da ke sama, saboda zuciyata ta ƙi kwanciya. Alhamdu lillahi, dukkansu sun cika awo.

Asabar, 18 ga Janairu

Mun shata tagogi a jikin bim uku, na huɗu kuma muka bar shi lafiyayye. Kafin a kunna gas, na sa an huda kowace kusurwa da injin huji mai bakin milimita 32, sannan aka haɗa hujojin da yanka, aka bi bakin da injin gurza har ya yi sumul. Ƙa'ida ta ce gantsarewar kusurwa kada ta gaza ninki biyu na kaurin bango, jagorar Amurka kuma ta ƙara da cewa kada ta gaza milimita 16, domin kusurwa mai kaifi nan ne ƙarfi yake taruwa, nan ne kuma tsaga take somawa, kamar yadda yadi yake yagewa daga inda tela ya ɗan tsaga da almakashi.

Laraba, 22 ga Janairu

Yau an yi kuskure, kuma rabin laifin nawa ne. Bim biyu ne za a ƙarfafa da farantan ƙarfe masu faɗin milimita 50 da kaurin 10, a kwance a sama da ƙasan taga, ta fuska biyu na bango. A wannan littafi zan riƙa kiran su haƙarƙari, domin aikinsu ke nan. Na rubuta awon a takarda na bar wa yaron gareji na tafi wani aiki a Bompai, ashe takardar ba ta isa hannun dattijon da ke walda ba. Da na dawo da azahar na tarar ya gama bim ɗaya, da haƙarƙari masu tsawon milimita 400, daidai da bakin tagar, ko yatsa ɗaya ba su wuce ba.

Na ce, "Baba, ai 700 na rubuta." Ya ɗaga gilashin walda ya ce, "Injiniya, inda aka cire nama ai nan ake mayar da nama, me za a yi da ƙarfe a inda bango yake lafiya lau?" Maganar tasa ba ta wauta ba ce, kuma na tabbata haka mafi yawan masu walda na garin nan za su yi. Sai dai haƙarƙari ba ya aiki sai ya samu inda zai kama. Ƙarfin da ke cikinsa ta hanyar walda yake shiga, a hankali, daga bangon da ke gaba da tagar, don haka wanda ya ƙare a daidai kusurwa ya ƙare ne a wurin da aka fi bukatarsa. Jagorar Amurka ta ce ya wuce kowane gefe da aƙalla rubu'in tsawon taga, ko da wani awo da ake fitarwa daga girman farantin da kaurin bango, a ɗauki wanda ya fi yawa. A namu na farko ya ba da milimita 100, na biyu ya ba da 122, ni kuma na zaɓi 150.

Baba ya ɗauko injin gurza zai ɓamɓare su, na hana shi. Tunda haka ake yi a gari, gara mu gwada shi yadda yake mu ga iyakarsa.

Ɗayan bim ɗin ya ba shi wahala ƙwarai. Tsakanin leɓe da haƙarƙari ratar ba ta kai milimita 20 ba, tsinken walda mai kaurin 3.2 ya ƙi shiga yadda ya kamata, sai da ya koma mai 2.5, ya jingine bim ɗin a karkace, yana aiki yana ƙunƙuni. Farantai da tsinken walda sun ci 46,000.

Asabar, 25 ga Janairu

Babu wuta tun jiya, janaretan gareji kuma yana kan aikin wata tirela. Na shafe kewayen tagogin da farar ƙasa na dawo gida.

Talata, 28 ga Janairu

Gwajin farko ya watse. Mun ɗora lafiyayyen bim a kan gammo biyu na ƙarfe masu tazarar mita 2.8, muka zaunar da jak mai ɗaukar tan 50 a tsakiyarsa yana tokare da kan firam, muka sa agogon awon lotsawa a ƙasa. Ana kaiwa wajen tan tara sai na ga leɓen sama yana karkata zuwa yamma, bim ɗin yana shirin kwantawa a gefensa. Na daka wa yaron da ke buga jak tsawa ya saki mai. Da muka duba, jak ɗin ya goce daga saitin bangon tsakiya da kusan milimita 8, kuma ban kama ƙarshen bim ɗin da komai ba, na bar shi zaune kawai. Wannan sakaci nawa ne, domin a gini kankare da kusoshin haɗi su ne suke hana bim murɗewa, a gareji kuwa babu mai hana shi. Allah ya kiyaye, da jak ɗin ya fille ban san wanda zai samu ba.

Za mu kafa ƙarafa masu kusurwa a gefe da gefe su riƙe leɓen sama, a wajen gammo biyun da kuma kusa da jak. Za a kuma walda farantai a tsaye a ƙarƙashin jak da kan kowane gammo a dukkan bim huɗun, don kada bango ya murƙushe a wurin kafin taga ta nuna halinta. Ƙarin kuɗi 38,000, ga hayar jak ta yini guda, 15,000, ta tafi a banza.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Lafiyayyen bim ya ɗauki tan 10 ya lotsa milimita 3.3, lissafi kuma ya ce 3.0. Da aka sauke nauyi ya koma daidai. Ban kai shi ga gazawa ba, domin ina da wani aiki da shi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Yau ne ranar da na gayyato Kawu. Ya zo da sanyin safiya cikin babbar riga da rawani saboda hunturu, aka ajiye masa kujera nesa da firam. Muka ɗora bim mai taga marar haƙarƙari.

Har zuwa tan biyar babu abin da ido yake gani, sai dai agogo ya nuna lotsawar ta fi ta lafiyayyen. A tan biyar da rabi farar ƙasar da ke kusurwar sama ta ɓangaren jak ta fara tsattsagewa, siraran layuka suka fito a karkace, garinta yana zuba a kan leɓen ƙasa kamar an barbaɗa gishiri. Amfanin shafa ta ke nan, domin idan ƙarfe ya fara saki ɓawonsa yana ɓarewa ya tafi da farar ƙasar. Kafin tan bakwai kusurwoyi huɗun duk sun zube. A tan takwas yaro yana buga jak amma allurar ma'aunin nauyi ta tsaya cak, bim ɗin kawai yake sauka. Tagar da muka yanka a miƙe ta goce, gefenta na wajen jak ya sauka ƙasa da na wajen gammo da fiye da milimita 25, leɓen sama kuma ya yi gwiwa biyu a daidai kan kusurwoyi. Tsakiyar bim ɗin, inda lanƙwasa ta fi yawa, ko gezau ba ta yi ba.

Kawu ya taso ya shafa wurin da hannunsa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaya nawa lafiyayye zai ɗauka. Na ce a lissafi kusan tan 25. Na kuma bayyana masa cewa rabin nauyin jak ne kawai yake bi ta tagar, wato tan huɗu, alhali a sito bakwai ake nema. Ya ce, "To, ɗana, kada a zuba kankaren nan sai ka ce a zuba."

Asabar, 8 ga Fabrairu

Bim mai gajerun haƙarƙari ya tsaya a tan 10, wato ƙarin tan biyu kacal a kan wanda ba a yi wa komai ba. Farar ƙasar ba ta motsa a tsawon farantan ba, a bakinsu ta zube, kuma a kusurwar ƙasa wata tsaga ta buɗe daga ƙarshen walda, tsawonta kamar gaɓar yatsa. Wannan ya fi damuna fiye da ƙarancin nauyin, domin bim na ranar Talata a hankali ya saki yana ba da sanarwa, wannan kuwa da ƙara ya tsage. Baba ya tsuguna ya leƙa tsagar da tocila, ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa ganin abin da yake faruwa bayan ya tafi gida ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Jak yana yoyon mai, an kai shi gyara. Mun yi amfani da ranar muka yanka kafa zagayayya mai faɗin milimita 200 a jikin lafiyayyen bim, a daidai nisan da tagogin suke.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Bim mai cikakkun haƙarƙari ya kai tan 19 kafin allura ta tsaya, lissafina kuma 16 ya ba ni. Babu tsaga, waldar Baba ta riƙe, kuma sakin ya bazu a kewayen kusurwoyi maimakon ya taru wuri guda. Farantai huɗun da suka ninka ƙarfin tagar fiye da sau biyu, nauyinsu duka bai wuce kilo 11 ba.

Ba zan gina bene a kan alƙaluman gwajin ba. Kowane iri guda ɗaya kawai na danne, ƙarfe kuma sau da yawa yana fin abin da aka rubuta a takardarsa ƙarfi, ba kuma kowace sanda ce za ta yi wannan kara ba. Lissafi zan bi, wanda ya ba tagar tan takwas a kan bakwai da ake nema. Ratar ta yi mini kaɗan, don haka a sito zan ƙara kaurin farantan zuwa 12.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kafa zagayayya, ba tare da ko haƙarƙari ɗaya ba, ta kai tan 24, kuma a lokacin tsakiyar bim ɗin ma ta fara zubar da farar ƙasa, sai na dakatar. Zurfinta ɗaya da na tagar, amma wurin da sassan sama da ƙasa suka sirance gajere ne, shi ya sa jagorar Ingila take lissafa ta kamar taga mai tsawon kashi 45 cikin ɗari na faɗinta, wato milimita 90 maimakon 400.

Na zauna da ogan masu na'urar sanyaya ɗaki da yamma. Ya so ya tsaya a kan bututu mai kusurwa saboda ya fi ɗaukar iska, amma ya yarda cewa zagayayyu biyu za su maye gurbin ɗaya, muddin Kawu zai biya bambancin. Na shardanta cewa ni zan shata kowace kafa, ba za a matso da biyu kusa da juna ba, kuma ba za a yanka ko ɗaya a ƙarƙashin inda ƙafar kantar ajiye kaya za ta zauna ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

An sauke bim biyun da aka yanka. Na farko an gyara bakin tagarsa zuwa 200 da 400 da kusurwoyi masu gantsarewa, Baba ya walda masa haƙarƙari masu tsawon 700 a ƙasa, inda zai iya juya shi yadda yake so, aka mayar da shi da yamma. Na biyu, wanda wuta ta zarce kusurwarsa, na ƙi mayar da shi, domin abin da ya rage a saman tagar bai kai kashi 15 cikin ɗari na tsayin bim da ƙa'ida ta nema ba. Za a yanka shi a yi kan ƙofofi da lafiyayyen ɓangarensa, a sayo sabo mai mita 6.

Gwajin gaba ɗaya ya ci naira 1,087,000, har da hayar jak ta kwana shida da gyaransa da ɗan abin da na ba yaran gareji. Sabon bim zai ci kusan 420,000 idan farashi bai motsa ba.

Ana sa ran fara azumi ranar Asabar, kuma masu zuba kankare sun ce da dare za su fi son aiki. Gobe zan shata kafofi a sauran bim goma sha biyun, jibi in koma Ƙofar Ruwa da ma'aunin kauri. Na sa ranar 8 ga Maris don zuba kankare, kuma kafin nan zan ɗaura agogon awo a ƙarƙashin bim ɗin da aka gyara da wani na kusa da shi, in karanta su kafin zubi, da bayan zubi, da kuma ranar da aka cire tokara.